Falon da tsohuwar dima ta ƙi jituwa da ƙwayayen LED

Gidan yana wata unguwa a cikin Kano, an yi masa wayarin tun zamanin ƙwan fitila mai zare. Hanyoyin wutarsa uku ne: wutar layi, janareta mai amfani da fetur, da inbata mai batir, duka suna bi ta makunnin sauya wuta guda. A bakin ƙofar falo akwai faranti ɗaya mai ɗauke da makunnan rage haske biyu irin na murɗawa, waɗanda masu wayarin ke kira dima. A bayan kowace an rubuta wat 60 zuwa 400. Ta farko tana riƙe da fitilar tsakiyar falo mai rassa shida, kowane reshe da ƙwai mai wat 60. Ta biyu tana riƙe da ƙananan fitilu takwas na halojin da aka binne a silin POP, masu bolt 12 da wat 35, kowace da ƙaramar taransifomarta. Daga baya an ƙara igiyar LED mai tsawon mita 10 a kewayen silin, aka jona ta a kan dima ta biyun. A ɗakin barci kuma akwai dima ta uku da fitilun bango biyu.

Don rage wa batir nauyi aka cire duk tsofaffin ƙwayayen, aka sa LED: masu wat 9 guda shida a fitilar tsakiya, masu wat 5 a silin da ɗakin barci. Ba a taɓa dima ko ɗaya ba. Abin da ya biyo baya shi ne: fitilar tsakiya tana ƙyafta ido da zarar an murɗa dima ƙasa da ƙarshenta, farantin yana ƙugi, rabin murɗin ba ya canza komai sannan haske ya ɗauke gaba ɗaya, kuma ƙwayaye biyu sun mutu ba su daɗe ba. Fitilun silin wasu suna kamawa wasu suna walƙiya. Farantin yana zafi. A ɗakin barci ko an kashe, ƙwayayen suna ɗan haske cikin dare. Idan aka koma kan inbata kuwa, duk abin sai ya ƙaru.

Mai gidan ya ɗora laifin a kan ƙwayayen, ya ce jabu ne. Gwajin farko ya wanke su: aka cire dima ta farko aka sa makunni na kashe-da-kunna, ƙwayaye huɗun da suka rage suka kama tsaf, ba ƙyaftawa ba ƙugi. Wannan gwaji shi ya kamata a fara yi a ko'ina, domin cikin 'yan mintoci yake raba matsalar dima da matsalar sakakkiyar waya ko ta wutar da ke shigowa.

Abin da dima ke yi wa wuta

Mutane da yawa suna ɗauka dima kamar kan famfo take, a murɗa ruwa ya ragu. Ba haka take aiki ba. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, wato tana ratsa sifili sau 100. Abin da dima ke yi shi ne ta datse wani yanki na kowane rabin zagaye. Irin tsohuwar da ke gidan nan tana da wani ɗan makunnin lantarki mai suna tirayak. Bayan wuta ta ratsa sifili, tirayak yana zama a rufe na ɗan lokaci, sai ya buɗe farat ɗaya, ya bar wuta ta wuce har zuwa sifili na gaba. Murɗin hannu shi ke tsawaita ko gajarta wannan jira. Wannan ita ce dima mai yankan gaba, kuma asalinta na komawa ga Joel Spira, Ba'amurken da ya ƙera dima ta lantarki mai shiga akwatin bango a 1959, ya kafa kamfanin Lutron a 1961. An yi ta ne don zaren ƙwai, wanda ba ya huce zafinsa tsakanin yanka da yanka, shi ya sa ido ba ya ganin datsewar.

Ƙwan LED ba shi da zare. A gindinsa akwai ƙaramin allo da ake kira direba, mai mayar da wutar gida zuwa wuta mai tafiya hanya ɗaya, ya tara ta a kafasita, sannan ya ba 'ya'yan LED daidai abin da suke ci. Daga nan rigingimu uku suke tasowa.

Na farko, tirayak yana buƙatar wuta ta ci gaba da ratsa shi, wajen miliamfiya 'yan gomomi, kafin ya zauna a buɗe. Tsofaffin ƙwayaye shida, wat 360, suna jan kusan amfiya 1.6, ya ishe shi har da ragi. LED shida wat 54 ne kacal, kuma direba ba ya jan wutarsa a shimfiɗe. Yana zuƙa ne a ɗan lokaci kusa da ƙololuwar zagaye har kafasita ta cika, sai ya saki. Da ya saki tirayak ya rufe ba lokacinsa ba, ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Wannan ne ƙyaftawar.

Na biyu, lokacin da tirayak ya buɗe a tsakiyar zagaye, ƙarfin wuta na iya tashi daga sifili zuwa kusan bolt 325 nan take. Kafasitar direba tana zuƙar wuta mai yawan gaske a wannan ƙiftawar, kuma hakan na maimaituwa sau 100 a daƙiƙa. Wannan bugu shi ke girgiza naɗin wayar da ke cikin dima har a ji ƙugi, shi ne kuma ke gajiyar da kafasita har ƙwai ya mutu. Saboda wannan zuƙar ce masu aikin lantarki ke bin wata ƙa'ida ta kiyayewa: idan dima ba a yi ta don LED ba, a raba adadin da aka rubuta mata da goma. Mai wat 400 ke nan kada a ɗora mata LED sama da wat 40.

A lura da inda wat 54 ya faɗa. Ya gaza wat 60 da dima ke buƙata don ta tsaya daidai, ya kuma wuce wat 40 da za ta iya ɗauka na LED. Kayan sun yi mata kaɗan kuma sun yi mata yawa a lokaci guda. Babu adadin ƙwayayen LED da zai dace da wannan dima, a ƙara ko a rage.

Na uku, ƙwayayen da aka saya ba masu karɓar ragi ba ne. Direbansu an gina shi ne ya riƙe haske ɗaya ko wuta ta hau ko ta sauka, abin da ya sa ake son su a inda wuta ke rawa. Dima tana rage wuta, direba yana ƙoƙarin cike giɓin, har ya kai inda ba zai iya ba ya ɗauke. Shi ya sa rabin murɗin bai yi komai ba. Ƙwan da ke karɓar ragi ana rubuta masa dimmable a kwali, sau da yawa har a jikinsa. Idan ba a rubuta ba, a ɗauka ba ya karɓa, ko mai shago ya ce me.

Gyaran fitilar tsakiya

An sa dima mai yankan baya wadda aka rubuta mata LED wat 5 zuwa 100. Ita tana amfani da wani makunnin lantarki mai suna mosfet maimakon tirayak: tana barin wuta ta taso a hankali daga sifili, sai ta datse ƙarshen rabin zagayen. Babu bugun farat ɗaya, babu buƙatar wutar riƙo mai yawa. Ana gane ta da haruffan da ke bayanta. R na nufin kaya masu zare, L taransifoma mai naɗin waya da ƙarfe, C kayan lantarki masu kafasita. Mai yankan gaba takan ɗauki R da L, mai yankan baya R da C. Wasu suna ɗauke da duka ukun, ana zaɓar yanayin da maɓalli.

An sayi ƙwayaye shida masu karɓar ragi, wat 9, lumen 806 (ma'aunin yawan haske), dukkansu kamfani ɗaya da samfuri ɗaya. Haɗa samfura daban-daban a kan dima ɗaya yana sa wani ya mutu wani yana ci, domin kowane direba da inda yake ɗaukewa. Kafin a sayi shidan, an fara gwada biyu.

Matakan aikin:

1. A kashe bireka ta fitilu, a mayar da makunnin sauya wuta tsakiya, a kashe inbata daga jikinta. A gida mai inbata, ɗaukewar wutar layi ba ta nufin waya ta mutu. A tabbatar da mita tsakanin laif da nutural da kuma laif da wayar ƙasa. Testa mai ɗan ƙwai ba ta isa shaida ba.
2. A ɗauki hoton wayoyin kafin a kwance. A tsohon wayarin ja ce laif, baƙa nutural, koriya ta ƙasa. A sabo ruwan ƙasa ce laif, shuɗiya nutural, koriya da rawaya ta ƙasa. Amma launi ba hujja ba ne sai an auna.
3. Laif mai shigowa ta shiga ramin C ko L (a nan sunan ramin waya ne, ba harafin nau'in kaya ba), wayar da ke zuwa fitila ta shiga L1 ko ramin da ke da alamar igiya mai kibiya. Idan makunni biyu ne ke kunna fitila ɗaya, ɗaya kawai ake mayarwa dima, ɗayan ya zauna makunni.
4. A duba zurfin akwatin bango. Na makunni yakan zama milimita 16 ko 25, dima da yawa suna son 25 zuwa 35. Cusa ta da ƙarfi yana matse waya yana hana zafi fita. Idan farantin na ƙarfe ne a ɗaura masa wayar ƙasa.
5. A ɗaure sukurori sosai, a ja kowace waya a ji ba ta motsi. Sakakkiyar waya tana ba da ƙyaftawa iri ɗaya da ta dima, ga kuma haɗarin gobara.

Mataki na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, wato saita ƙasan haske. Yawancin dimar LED suna da ɗan sukuru ko tsarin dannawa don wannan. A murɗa dima zuwa ƙarshen ƙasa, a rage saitin har ƙwayaye su fara rawa, a ɗaga har su tsaya, sannan a ƙara kaɗan. Sai a kashe, a jira rabin minti, a kunna a wannan ƙasan. Idan ba su kama ba sai an murɗa sama, saitin ya yi ƙasa da yawa, domin direba yana buƙatar wuta mafi yawa wajen tashi fiye da wajen ci gaba. A gidan nan an yi saitin bayan magariba, lokacin da unguwa ke jan wuta kuma ƙarfinta ke sauka, aka sake dubawa a kan janareta. Saitin da aka yi da hantsi wuta na cike ba ya tsayawa da dare.

Mai gidan ya yi ƙorafin cewa ƙasan hasken bai kai duhun tsohon ƙwai ba, kuma da gaskiyarsa. Ido ba ya auna haske kamar mita. Hasken da mita ta ce kashi 10 cikin ɗari ne, ido yana ganinsa kusan kashi 32. Kashi 5 yana fitowa kamar 22. Sai an sauka kashi 1 ido zai ga kashi 10. Ga kuma launi: zare idan ya dushe yana komawa ja-ja daga kelbin 2700 zuwa ƙasa da 2000 a ma'aunin launin haske, LED kuwa launinsa ɗaya ko an rage. Akwai ƙwayayen da aka yi musamman su yi ja idan an rage su, sun fi tsada, kuma a ganinmu a ɗakin barci ne kuɗinsu ke fita, ba a falo ba.

Silin da igiyar LED

Nan kuskure biyu ne a kan dima ɗaya. Kowace ƙaramar taransifoma ta lantarki an rubuta mata wat 20 zuwa 60. Halojin mai wat 35 yana cikin iyaka. LED mai wat 5 rubu'in ƙaramar iyakar ne kacal, sai taransifoma ta tashi ta faɗi, ta tashi ta faɗi. Ko babu dima wannan walƙiyar za ta faru. Za a iya neman direbobi masu bolt 12 da ke karɓar ragi, amma a lokacin abubuwa uku ne za su jitu: dima, direba da ƙwai. An zaɓi hanya mai sauƙi. Aka cire taransifomomi takwas ɗin, aka sauya mazaunin ƙwai daga GU5.3 zuwa GU10 mai cin bolt 230 kai tsaye, aka ɗaura wayar ƙasa a kowane zoben ƙarfe, aka sa ƙwayaye masu wat 5 masu karɓar ragi. Jimla wat 40, a kan dima ta biyu mai yankan baya. Wayar ƙasar ba ado ba ce, domin zoben da ya saba da bolt 12 yanzu yana kusa da 230.

Gargaɗi ga wanda zai tarar da tsohuwar taransifoma mai nauyi ta naɗin waya: kada a sa mata dima mai yankan baya. Datse wuta farat ɗaya a kan naɗi yana haifar da tsallen ƙarfin wuta da zai iya ƙona dimar. Irin wannan sai mai harafin L.

Igiyar LED ita ce sanadin zafin farantin. Irin mai cin wat 14.4 a kowace mita ce, mita 10 wat 144 ke nan, amfiya 12 a bolt 12. Tun kafin a sauya ƙwayaye, ita da halojin sun kai wat 424 a kan dima mai 400, kuma faranti mai dima biyu a jere ba ya ɗaukar cikakken adadin da aka rubuta wa kowace, saboda suna dumama juna. Akwatin wutar igiyar kuma ba mai karɓar ragi ba ne, babbar kafasitarsa tana zuƙa a kowane yanka. An cire shi daga dima aka ba shi makunninsa. An sauya shi da mai wat 200, domin wat 144 da rarar kashi 20 cikin ɗari ya kai 173. Ragin haske aka mayar da shi ɓangaren bolt 12, da ƙaramar na'ura mai rimot da ke tsakanin akwatin wuta da igiya, mai ɗaukar amfiya 15 ko fiye. An raba igiyar gida biyu, mita 5 kowace da wayarta, don ƙarshenta ya daina dushewa.

Irin wannan na'ura tana kunnawa da kashewa ne da saurin gaske. Idan saurin ya yi ƙasa, ido ba zai gani kai tsaye ba amma wasu suna samun ciwon kai da gajiyar ido, kuma kyamarar waya tana nuna layuka masu tafiya. Shawara mai lamba 1789 ta 2015 daga IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, ta sa irin wannan cikakken kunna-kashe a rukunin ƙaramin haɗari idan ya wuce sau 1,250 a daƙiƙa, kuma sama da 3,000 ba a ganin wani tasiri. Ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya yana fallasa mafi muni, ko da yake ba awo ba ne.

Hasken da ya ƙi mutuwa

A ɗakin barci mita ta nuna abin da ba a zata ba: dima tana kan nutural, laif tana zuwa fitila kai tsaye. Da ƙwai mai zare ba wanda zai lura. Amma laif da ke zaune a ƙwai dare da rana tana yoyon 'yar wuta ta jikin wayoyin da ke kwance tare a bututu ɗaya, kuma ɗan abin nan ya isa ya cika kafasitar direba har 'ya'yan LED su yi haske ko su yi walƙiya jefi-jefi. Ban da haske, haɗari ne ga duk mai canza ƙwai yana zaton ya kashe. An gyara haɗin a akwatin silin, makunni ya koma kan laif.

Hasken ya ragu amma bai tafi ba, saboda tsohuwar dimar tana da ɗan ƙwai mai nuna wurinta cikin duhu, shi kuma ta cikin fitilar yake samun wutarsa. Sabuwar dima marar wannan ƙwai ta kawar da sauran. Da bai tafi ba, mataki na gaba shi ne ƙaramar na'urar ratse da ake ɗaurawa tsakanin laif da nutural a fitilar farko, ta ba yoyon hanya. A sayi wadda mai dimar ya ambata. Kafasitar da aka ciro daga tsohon rediyo ba ta wannan aiki ba ce, sai mai alamar X2 da aka yi don zama a kan wutar gida. Haka nan regiletar fanka ba dima ba ce ko da ta shiga rami ɗaya, dimar fitila kuma ba ta fanka ba ce, tana sa injin ƙugi da zafi.

Janareta da inbata

A kan wutar layi komai ya daidaita. A kan janareta haske yana ɗan numfashi duk lokacin da firji ko famfon ruwa ya tashi. Ƙaramin janareta yana juyawa sau 3,000 a minti don ya ba da zagaye 50, idan kaya mai nauyi ya hau sai juyin ya faɗi na ɗan lokaci. Dima tana ƙirga lokacin yankanta ne daga sifili, don haka duk rawar zagaye tana bayyana a haske, musamman a ƙasa. An ɗaga saitin ƙasa kaɗan, abin ya zama mai jurewa.

Inbata ita ce ba ta gyaru ba. Irin mai araha ce da ke fitar da wuta mataki-mataki, tsalle sama, tsayawa a sifili, tsalle ƙasa, maimakon lanƙwasa mai santsi. Dima ba ta samun sifili guda tsayayye da za ta ƙirga daga gare shi, direbobi kuma suna shan bugun da aka sauya dima don a guje masa. Ba saitin da zai magance wannan. Zaɓi biyu ne: inbata mai fitar da tsantsar igiyar sayin, wato wuta mai lanƙwasa mai santsi irin ta layi, ko a raba fitilun dima da layin inbata. Mai gidan ya ɗauki na biyu kafin ya sauya inbatar. An mayar da fitilar tsakiya da ta silin kan layin da wutar gari da janareta kawai ke ci, aka bar wa inbata wasu fitilun bango biyu a falo masu makunni na kashe-da-kunna, da igiyar LED, wadda raginta ke ɓangaren bolt 12 bayan akwatin wuta. Dimar ɗakin barci ta zauna a kan inbata da sharaɗin a bar ta a cike idan ana kan batir.

Fitilar tsakiya da ta silin sun sauko daga wat 640 zuwa 94. An cire murfin gilashin da ya rufe rassan fitilar tsakiya ruf, domin a zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, direba a rufaffen wuri yana dahuwa, kuma kafasita irin tasa tana rasa kusan rabin kwananta a duk ƙarin digiri 10. An ajiye ƙwayaye biyu na kowane samfuri daga cikin waɗanda aka saya tare, saboda kamfanoni kan sauya direba ba tare da sun sauya kwali ba, kuma an rubuta samfurin dima da na ƙwayayen a cikin murfin akwatin bireka don mai gyara na gaba.